Yadda za ka mayar da rubutu a kan caca sana'a a Yamai

Duk wanda ya bi ta Katako, Wadata ko Bukoki da hantsi ya san yadda magidanta ke cunkushewa gaban kiyos ɗin PMU, wato cacar sukuwar dawaki, kowa da takardar tsarin sukuwa da guntun biro, ana gardama a kan dokin da bai taɓa taka ƙasar Nijar ba. Da dare kuma a fada, tsakanin shayin farko da na biyu, samari na miƙa wa juna salula ana duba tiken kombine, wato cacar da ke haɗa wasanni da yawa a tike ɗaya. Kuɗi masu yawa ke yawo a nan, amma abin da aka rubuta a kai da Hausa bai wuce iri biyu ba: wa'azi, da tallar masu cewa sun san abin da zai fita gobe. Tsakanin biyun akwai fili babba da ba kowa a cikinsa, wato rubutun da ke bayyana yadda harkar ke tafiya, wa ke ci, nawa yake ci, me doka ta ce, da abin da ke samun gidan da maigidansa ya nutse a ciki. A wannan filin ne marubuci zai iya kafa sana'a da ba zai ji kunyar faɗin ta gaban surukansa ba.

Fara da sanin wanda zai biya ka

Mafi yawan aikin rubutu a kan kazino da ake tallatawa a intanet aikin dillanci ne. Kamfanin caca zai ba ka wata lamba ko mahaɗi na musamman, ka saka a cikin rubutunka, duk wanda ya yi rajista ta nan a rubuta shi da sunanka. Biyan iri biyu ne. Ko dai a ba ka wani adadi sau ɗaya a kan kowane mutum da ya zuba kuɗi, ko a ba ka kaso daga abin da mutumin ya yi hasara muddin yana wasa. Ka lura da na biyun da kyau: ranar da mai karatunka ya ci, kuɗinka sun ragu, ranar da ya sayar da babur ɗinsa ya zuba, ranar ce kasuwarka ta yi kyau. A wasu yarjejeniyoyin ma, in mutanenka sun ci da yawa a wata ɗaya, ana ɗora maka gibin zuwa wata mai zuwa, sai ka cike shi kafin ka sake ganin ko dala.

Shawararmu ita ce kada ka taɓa wannan. Akwai dalilin addini, kuma masu karatunka sun san shi kafin kai: aya ta 219 a Suratul Baƙara da aya ta 90 da 91 a Suratul Ma'ida ba su bar wurin gardama ba. Akwai kuma dalilin sana'a tsantsa. Yamai gari ne da kowa ya san kowa. Marubucin da aka gane yana cin kamasho daga hasarar ƴan unguwarsu ya gama da amanar masu karatu, kuma babu editan kirki da zai karɓi bincikensa a kan kamfanin da ke biyan sa. Kuɗin da ya kamata ka nema su ne na jarida, na rediyo, na mujallun da ke bin harkar a matsayin kasuwanci, na ƙungiyoyin lafiya, da na masu karatu da kansu. Sun fi jinkirin zuwa, amma ba sa ɗaure maka hannu.

Lissafin da dole ya zauna maka a ka

Nan ne ake bambanta wanda ya san aikin da mai surutu. Ba ka buƙatar digiri a lissafi. Abubuwa kaɗan ne, amma sai ka iya yin su a bayan tike, a tsaye, gaban mai gardama.

Na farko, kot, wato lambar nan da ke gefen sunan ƙungiya. Kot 1.90 na nufin in ka saka jikka ɗaya ka ci, a ba ka sefa 1,900, har da jikkarka a ciki. Raba 1 da kot ɗin, za ka sami yiwuwar da kamfanin ya ɗora wa abin: 1 a raba da 1.90 ya ba da kashi 52.6 cikin ɗari. In wasa yana da ɓangare biyu kowanne 1.90, jimilla ta zama 105.3 ke nan, alhali duk yiwuwar da ke duniya ba ta wuce 100. Wannan rarar ita ce ribar kamfani. A fassarar kasuwa, duk jikka ɗari da aka zuba, 95 ke komawa hannun ƴan wasa, 5 su tsaya. A wasan ƙwallo mai sakamako uku, ɗauki misalin 2.10 da 3.20 da 3.40: 47.6 da 31.3 da 29.4, jimilla 108.3, abin da ke komawa kuwa wajen 92 ne cikin ɗari. Kuskuren da sababbi ke yi shi ne su duba kot ɗin ɓangare ɗaya su ce ya yi kyau ko bai yi ba. Sai an tara duka ake ganin hannun kamfani.

Na biyu, kombine, wanda shi ne abincin fada. Mutane na ganin ana ninka kot da kot ana samun lamba mai ƙiba, ba sa ganin cewa ribar kamfani ma ninkuwa take. Haɗa wasa goma kowanne 1.90, kuma a ce kowanne rabi da rabi ne a gaskiya. Kot ɗin haɗin zai kai wajen 613, wato dala ashirin (sefa 100) ta zama sama da jikka 61. Amma yiwuwar duka goman su shiga 1 ce cikin 1,024. Raba 613 da 1,024, abin da ke komawa bai kai 60 cikin ɗari ba. Ribar da ta fara a 5 ta zama 40. Shi ya sa kamfanoni ke ƙara wa mai dogon kombine ɗan kari, ba don suna son sa ba. Shi ya sa kuma maganar nan ta "wasa ɗaya ne ya yanke ni" ba rashin sa'a ba ce: a tike mai wasa goma irin wannan, faɗuwa da wasa ɗaya tak ya ninka cin duka sau goma wajen yawan aukuwa.

Na uku, PMU, wanda tsarinsa daban ne. A nan ba da kamfani ake karawa ba. Ana tara kuɗin kowa wuri ɗaya, mai shiryawa ya cire kasonsa da na gwamnati tun daga sama, a raba sauran tsakanin waɗanda suka dace. Don haka ba a sanin abin da za a samu sai bayan sukuwa, kuma in dokin da kowa ya zaɓa ne ya shigo, rabon kan zama ɗan kaɗan. Sukuwar a Faransa ake yin ta, a filaye irin su Vincennes, Longchamp, Auteuil da Chantilly. André Carrus ne ya ƙirƙiro tiyarse, wato cankar dawaki uku na farko, a 1954, karte mai dawaki huɗu ya biyo a 1976, kinte mai biyar a 1989. Idan dawaki 16 ne a fili, hanyoyin jera uku na farko bi da bi 3,360 ne, ba bi da bi ba kuma 560. Jera biyar na farko bi da bi hanyoyi 524,160 ne, in dawakin 18 ne su haura miliyan ɗaya. Dawaki ba ƙarfinsu ɗaya ba, saboda haka sanin doki da mahayi da yanayin fili yana rage nisan, amma ba ya taɓa kason da aka riga aka cire. Abin da ya fi jawo wa marubuci dariya shi ne ya kwafo rabon da aka buga a Faransa ya ce na nan ne. Ɗauko wanda LONANI, kamfanin cacar gwamnatin Nijar, ta fitar.

Na huɗu, kayan kazino. Faifan rulet na Turai gida 37 ne, daga 0 zuwa 36, ana biyan 35 a kan 1, ribar gida kashi 2.7. Na Amurka yana da ƙarin gida mai sifili biyu, gida 38 ke nan, riba 5.26. Injinan ja-ka-gani da wasannin salula suna zuwa da adadin abin da suke mayarwa, wanda akan rubuta RTP a shafin ƙa'idojin wasan. Wasan jirgin nan Aviator na kamfanin Spribe, wanda ya fito a 2019, ana tallata shi da kashi 97. Mai jin 97 sai ya ɗauka kashi 3 kawai zai rasa daga kuɗinsa. Ba haka ba ne, kashi 3 ne daga kowane zubi. Wanda ke saka jikka ɗaya a kowane tashi, in ya yi tashi ɗari ya zuba jikka ɗari ke nan, matsakaiciyar hasararsa jikka 3, ko da jikka biyar kawai ya shigo da ita. Tashi ɗaya kuwa daƙiƙoƙi ne. Saurin wasa ya fi girman kaso cin aljihu, kuma wannan ne abin da yawancin masu rubutu ke tsallakewa.

Za ka haɗu da masu dabarar ninki: in ka faɗi ka ninka, ranar da ka ci ka mayar da komai. Yi musu lissafin a fili. Fara da dala ashirin a kan jan launi a rulet, inda in ka ci ribarka daidai take da abin da ka zuba. Faɗuwa goma a jere ta cinye sefa 102,300, zubi na gaba kuma 102,400 ne, duk don a ci ribar dala ashirin. Faɗuwa goma a jere tana zuwa kamar sau 1 cikin 784, wanda ba nisa ba ne ga mai wasa kullum, kuma tebur yana da iyakar zubi da za ta tare shi ko da yana da kuɗin.

Sai bonus. Ɗauki misali: ka zuba jikka 10, an ba ka kyautar jikka 10, da sharaɗin sai ka juya ta sau 5 a kombine mai aƙalla wasa uku. Zubin jikka 50 ke nan. Wasa uku da ribar kashi 5 kowanne na cin wajen kashi 14, wato kimanin jikka 7 daga cikin goman sun koma inda suka fito kafin a bar ka ka cire komai. In na kazino ne aka ce sau 35 a injin da ke mayar da 96, zubin jikka 350 ne, matsakaiciyar hasara jikka 14, ta fi kyautar. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk lokacin da za ka rubuta a kan bonus, nemo abu huɗu a cikin ƙananan rubutun: sau nawa za a juya, mafi ƙarancin kot, kwana nawa aka bayar, da iyakar abin da za a iya cirewa.

Doka da masu riƙe da harkar

A Nijar, LONANI ce kamfanin gwamnati da ke riƙe da harkar wasannin sa'a da kuɗi, a ƙarƙashin kulawar ma'aikatar kuɗi. Ƙasashen yankin ma haka suke: LONAB a Burkina, PMU-Mali a Mali, LONACI a Kodebuwa, LONASE a Senegal, LONATO a Togo. Tambayar farko a kan duk wani kamfani da ka ga samari na wasa da shi ita ce wa ya ba shi izinin karɓar kuɗin mutane a nan. Da yawa za su nuna maka lasisin Curaçao ko na Malta a ƙasan shafinsu. Wannan lasisin ba izinin aiki a Nijar ba ne, kuma wanda aka hana wa kuɗinsa a Talladje ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa a wani tsibiri na Karebiyan. Ɗauki lambar lasisin ka duba ta a shafin hukumar da aka ce ta bayar, don akwai masu manna hoton tambari kawai.

Ka riƙa bin abin da ke faruwa a waje, domin shi ke ba rubutunka ma'auni. A Najeriya, Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005 a watan Nuwamban 2024, ta ce hurumin jihohi ne, Hisbar Kano kuma ta rufe shagunan cacar ƙwallo. Ingila ta rage iyakar zubi a injinan shagunan caca daga fam 100 zuwa fam 2 a 2019, ta hana caca da katin bashi a 2020. Italiya ta hana tallar caca da dokar 2018. Faransa, wadda dawakinta muke bi, ta yarda da cacar wasanni da sukuwa da karta ta poka a intanet ƙarƙashin hukumar ANJ, amma ba ta halatta kazino na intanet ba. Wannan na ƙarshen kaɗai ya isa maƙala guda.

Akwai kuma ɓangaren halatta kuɗin haram. Gidajen caca na cikin waɗanda dokokin yankin UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka masu amfani da sefa, suka wajabta wa sanin abokan hulɗarsu da kai rahoton abin da ya ba su shakka ga CENTIF, hukumar da ke bin diddigin kuɗin da ake zargi. Shi ne dalilin da ake neman katin shaida wajen cire kuɗi. Abin bincike shi ne kamfanin da ba ya tambayar kati wajen zubawa, sai ranar da mutum ya ci ya zo cirewa.

Aikin ƙafa

Kazino na gini kaɗan ne a Yamai, cacar tana kiyos da salula, don haka can za ka je. Zaɓi kiyos biyu ko uku a unguwanni daban, ka riƙa zuwa a lokaci ɗaya kafin rufe karɓar tike, ka gabatar da kanka ga mai sayarwa tun ranar farko. Kada ka ɗaga salula ka ɗauki hoto. Da yawa daga cikin waɗanda ke tsaye a wurin iyalinsu ba su sani ba, hoto ɗaya na iya kashe aure, kuma ƙasar na da hukumar kare bayanan mutane, HAPDP. Sauya suna, sauya unguwa, kada ka faɗi sana'ar mutum in ita kaɗai za ta tona shi.

Yadda ka yi tambaya shi ke ƙayyade amsar. In ka ce "Malam, nawa kake kashewa a wata?" zai ba ka lambar da ba ta kai rabi ba, ba don ƙarya ba, don ɗan caca yana tuna ranar da ya ci, yana manta ranakun da aka ci shi. Ka ce "Jiya nawa ka saka? Shekaranjiya fa?" In ya yarda, ku buɗe tarihin Airtel Money ko Moov Money ko Zamani Cash ɗinsa tare, ku tara abin da ya fita da abin da ya shigo cikin kwana talatin a gabansa. Sau da yawa shi ma ranar ce zai fara ganin jimillar. Ka bar shi ya yi shirunsa, kada ka cika wurin da nasiha.

Kada ka tsaya kan ƴan wasa. Mai kiyos ya san ranakun da ciniki ke tashi, kamar ƙarshen wata da ranakun manyan wasannin Turai. Mai shagon tura kuɗi ya san wanda ke zuwa sau biyar a yini. Mai babur ɗin da ya ba yaro kabu-kabu ya san ranar da kuɗin yini suka daina cika. Matan gida sun san lokacin da kuɗin cefane suka fara raguwa, amma wannan hirar ta fi dacewa da marubuciya, ko ka tafi da abokiyar aiki.

Ba sai ka yi caca ba kafin ka auna kamfani. Karanta ƙa'idojinsa duka ka adana hotonsu da kwanan wata, don sukan sauya su ba sanarwa. Rubuta wa sashen abokan hulɗa tambaya ka ga kwana nawa za su amsa. Tara koken waɗanda aka riƙe wa kuɗi, kowanne da hoton tike da saƙon da aka aiko masa, kada ka karɓi labarin baki kawai. Kafin ka buga zargi, kai wa wanda ake zargi takarda, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan kwafinka, ka ba shi mako guda. Ga ma'aikatun gwamnati, akwai dokar 2011 ta samun bayanan hukuma da za ka ambata a takardarka. Wannan kwafin mai hatimi shi ne garkuwarka. Dokar laifukan intanet ta 2019, bayan gyaran da aka yi mata a watan Yunin 2024, ta dawo da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi ta intanet. Kalmar "ɓarayi" ko "ƴan damfara" a kan kamfani mai suna, ba tare da hukuncin kotu ba, na iya kai ka inda ba ka shirya ba. Faɗi abin da ya faru, nawa ne, yaushe, me kamfanin ya amsa, ka bar mai karatu ya raɗa wa abin suna.

Masu sayar da "wasan da aka riga aka shirya" a WhatsApp da Telegram sun cancanci maƙala ta kansu, kuma dabararsu mai sauƙin bayyanawa ce. Mutum ya tara lambobi 800, ya ce wa rabi ƙungiyar gida za ta ci, ya ce wa rabi ba za ta ci ba. Gobe yana da mutum 400 da suka ga ya faɗi daidai. Ya sake raba su, saura 200, ya sake, saura 100 da suka ga ya dace sau uku a jere. Su ne zai ce wa su turo jikka biyar don na huɗu. Haka manhajojin da ake cewa suna hango inda jirgin Aviator zai faɗi. Tambaya ɗaya ta rushe su duka: wanda ya san sakamako, me zai yi da jikkarka biyar?

Rubutu a kan wanda abin ya kama

Jarabar caca cuta ce da likitoci suka sani. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya saka ta rukuni ɗaya da shaye-shaye a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba ta lamba 6C50 a kundinta da ya fara aiki a 2022. Akwai gwajin tambaya biyu da ake amfani da shi wajen tantancewar farko: ko ka taɓa yi wa na kusa da kai ƙarya a kan yawan abin da ka zuba, kuma ko ka taɓa jin kana buƙatar ƙara yawan zubin. "I" ɗaya ta isa a nemi ganin likita. Babbar alama ita ce bin sawun hasara, wato komawa gobe don a fanso na jiya. Ba kai ne likitan ba, kada ka yanke wa kowa hukuncin cuta a rubuce. Je sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibiti ka tambayi wanda ke karɓar irin waɗannan, ka tabbatar da kanka, sannan ka saka a ƙarshen maƙala. In labarin ya haɗa da wanda ya kashe kansa saboda bashi, kada ka bayyana hanyar da ya bi. Labarin wanda ya ci miliyoyi kuwa, in dole ne ka ba da shi, saka yiwuwar cin a sakin layi na farko, in ba haka ba ka yi wa kamfani talla kyauta.

Kayan nuni da kasuwa

Babu editan da zai ba ka aiki a kan alkawari. Rubuta maƙala biyar ko shida tukuna, iri daban: bayanin lissafi ɗaya, rahoton kiyos ɗaya, ɗaya a kan doka, hira ɗaya da likita ko malami, bincike ɗaya a kan ƙa'idojin bonus. Kowace ka yi ta da Hausa, ka kuma yi gajeruwarta da Faransanci. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, hujjarka gaban edita ta ƙara ƙarfi, amma kuɗin waje har yanzu da Faransanci da Ingilishi suke magana.

A gida, jaridu irin su Le Sahel da masu zaman kansu za su ba ka suna fiye da kuɗi. Rediyo ya fi kai Hausa ga kunne: mayar da maƙalarka rubutun minti uku, jimloli gajeru, lamba ɗaya ko biyu kawai, kuma da dala da jikka, ba da kashi cikin ɗari ba. "Duk jikka goma da aka zuba a irin wannan tiken, huɗu ba sa dawowa" ya fi shiga kai. Gwada Studio Kalangou da gidaje irin su Anfani, Saraounia, Ténéré da Bonferey. Don dogon bincike, CENOZO, ƙungiyar ƴan jaridar bincike da ke Wagadugu, na tallafa wa ƴan jaridar yankin. A waje akwai mujallun harkar kamar iGaming Business da SBC News, masu bin doka da haraji da lasisi, kuma labarin ƙasashen Sahel ba ya yawan isa gare su daga wanda ke wurin. Ka sani masu karatunsu ƴan kasuwar caca ne, ka sayar musu da labari, ba yabo ba.

Takardar neman aiki kada ta wuce kalma 150: me ya faru, me ya sa yanzu, wa za ka yi magana da shi, wace takarda ke hannunka, tsawon maƙalar da ranar miƙawa. Yi ciniki a kan maƙala, ba a kan kalma ba, bayan ka lissafa kwanakin aiki da kuɗin mai da na intanet. Sabon abokin ciniki ya ba da rabi kafin ka fara. A rubuta sau nawa za a dawo maka da gyara, da abin da za a biya in an fasa bugawa. Kuɗin Turai na euro a ɗaure yake da sefa, euro ɗaya a kan sefa 655.957, don haka ya fi dala ta Amurka sauƙin lissafi. Tambayi hanyar biya tun farko, saboda ba duk hanyoyin biyan intanet ke sauke kuɗi a Nijar ba, kuma banki na cire nasa. Nemi lambar NIF, wato lambar shaidar mai biyan haraji, a ofishin haraji, don ƙungiyoyi da yawa ba sa biya sai da takardar neman biya mai ɗauke da ita.

In shafinka za ka buɗe, kada ka dogara da tallar Google, don tana taƙaita talla a shafukan da suka shafi caca. Facebook na neman izini a rubuce kafin tallar caca, YouTube kuma tun Maris 2025 ya hana nuna mahaɗi ko tambarin shafin cacar da Google bai tantance ba. Injinan tacewa ba sa bambanta mai suka da mai talla, saboda haka rufe tambari da adireshin kamfani a duk hoton tiken da za ka saka. Da shafin ya fara samun masu karatu, saƙonni za su fara shigowa ana neman ka saka maƙalar da aka riga aka rubuta, da mahaɗi ɗaya a ciki, a biya ka. Mahaɗin nan na kazino ne, kuma tun 2024 Google na hukunta shafukan da ke ba da hayar sunansu ta wannan hanya, yana tura su ƙasa a sakamakon bincike. Rubuta ƙa'idarka a shafi guda da kowa zai gani, cewa ba ka karɓar kuɗin kamfanin caca kuma ba ka ba da hasashen wasa, ka riƙa tura wa masu irin wannan saƙon adireshin shafin a matsayin amsa.